Kafin a Sha Gahawa

“Rawan, ki sa babanki ya ce a'a, ko in faɗa musu da bakina!”

Mahaifiyar saurayina Laisu ce ta tsare ni a ƙofar kicin, tana murmushi kamar alheri take faɗa.

Mazan danginsu sun cika falonmu a garin Irbid, sun zo neman aurena. Baffan Laisu ya ajiye finjalin gahawa a gabansa, ba zai sha ba sai Baba ya ce an ba su.

Dattawan ba su san cewa bara sankara ta sa an cire min mahaifa ba. Amma mahaifiyar Laisu ta sani.

“Ɗana guda ne, ’yar nan. Jikoki nake so, ba digiri ba.”



Sai na tuna Sista Hala, mai zaunar da mu mata a asibiti bayan ƙarin ruwan magani. “Kada ku kori tsoro,” takan ce. “Baƙo ne, ya zauna. Amma ba shi ne maigida ba.”

Na saurari numfashina yana shiga, yana fita. Na ji sanyin daɓe a tafin ƙafata. Tsoron bai tafi ba, ni ma ban gudu ba.

“Ki huta, Gwaggo. Ni zan faɗa.”

Na tura ƙofar falon maza. Baba ya miƙe zumbur.

“Baffa, kafin ka sha! Sankarar mahaifa na yi. Ba zan haihu ba. Ban zo neman tausayi ba, kuma ba na jin kunya.”



Baffa ya ture finjalin gefe. “To, magana ta canza...”

Laisu ya tsallake ƙafafun manya, ya ɗauki finjalin da hannu biyu.

“Ni na dinga kai ta asibiti a Amman tana amai a motata, Baffa. Me ya canza?”

“Kai, mara kunya, ajiye! Gahawata ce!”

“Aurena ne.” Ya juyo, idonsa ya kaɗa. “Hasken idona, in sha?”

Baba ya share hawaye da gefen rawaninsa. “Ni kam yau ba ni da ta cewa. Mai gahawa ga ta nan tsaye.”

Na bar shi ya jira.

“Sha, Laisu.”