Littafin da Ya Dawo Tsaf

Ranar Alhamis da hantsi, ana ɗan yayyafin da ba ya rabuwa da garin Ludlow, Misis Muriel Tapley ta dire wani littafi a tsakiyar teburin kicin, fuskarta kamar ta wadda ta kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Hazel, zo ki gani da idonki. Kai kuma Clive, cire hannunka daga kek ɗin nan, na taron Asabar ne."

Clive ɗin ni ne, ƙanin Muriel, mai gashin bakin da ko a London sai an waiwayo an sake kallo, kuma mutumin da ba don shi ba da labarin nan a kuka zai ƙare. Na cire hannuna, amma da yanka guda a ciki.

Hazel, 'yar Muriel tilo, ta shigo tana goge hannu da tawul. "Ai littafin Baba ne. Gethin ya dawo da shi ke nan?"

"Ya dawo da shi, har ya ce ya gama. Ki duba shi da kyau."

Ga yadda abin yake. Muriel ce shugabar ƙungiyar masu karatu ta unguwarmu, kuma bana suna shirya gasar karatu ta shekara guda a kan marubuciya ɗaya, wata ta zamanin keken doki da dogayen riguna, wadda matan ƙungiyar ba sa kama sunanta, sai dai su ce Uwar Ɗakinmu. Littafi ɗaya kowane wata, ba kallon fim, ba leƙa taƙaitawa a waya. Shi kuwa Gethin, mai gyaran keke ne a bayan kasuwa, yaro mai kunya, ya nemi auren Hazel tun bazara. Muriel ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ɗauko littafin da mijinta marigayi Leonard ya fara ba ta suna saurayi da budurwa, ta miƙa masa ta ce da shi za a buɗe gasar.

"Ban ga komai ba, Mama. Tsaf yake."

"To shi ne abin. Tsaf yake." Muriel ta buɗe shi a hankali. "Kin ga busasshen furen nan? Ni na sa shi da hannuna a bakin babi na biyu, kansa a ƙasa. Ko iska ce ta buɗe shafin sai ya zame. Ga shi nan yadda na bar shi. Yaron nan da hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, a ce ya karanta littafi mai kauri haka ko ɗigo bai bari ba? Ƙarya yake, Hazel. Ya dubi tsabar idona ya yi min ƙarya."

"Wataƙila ya kula ne sosai."

"Kula? Ubanki da kansa, Allah ya ji ƙansa, ya bar zoben tabon kofin shayi a bangon baya."

Na yi gyaran murya. "Yaya, da za ki saurare ni, akwai abin da na..."

"Kai ne ka ce min injin wankin da ka kawo sabo ne. In ka ce ana ruwa, sai na miƙa hannu waje na taɓa. Yi shiru."

Kun ji irin cin fuskar da nake sha a gidan nan. Na ƙara yankan kek.

Hazel ta zauna, idonta ya cika. "Mama, a kan littafi za ki raba mu?"

"Wanda ya yi min ƙarya a kan littafi zai yi miki a kan abin da ya fi littafi. Ke babba ce, ban isa in hana ki ba. Amma ba za ki gan ni a cocin ba."

"Kin san in ba ki je ba, ni ma ba zan shiga ba. Baba ba ya nan. Wa zai tsaya min?"

"To ki bari Asabar ta raba gardama. Zai zo taron shirin gasar, zan tambaye shi a gaban kowa. Amma ki yi min alkawari ba za ki faɗa masa komai ba. In kin tsegunta masa, waya zai buɗe ya haddace."

Hazel ta yi alkawari, hawaye na ɗiga a kan tawul.

Abin da aka hana ni faɗa kuwa shi ne wannan. Ina taimakawa a shagon gwanjon littattafai na coci, inda mata ke zuwa, a cewarsu, don littafi. Washegarin ranar da aka ba shi aron, Gethin ya shigo yana waige-waige, ya sayi wani tsohon kwafi na littafin nan mai laushin bango, wanda har wani ya taɓa jefa shi a bahon wanka. Daga nan duk lokacin da ya tashi cin abincin rana sai ya leƙo ya zazzage min haushinsa a kan Mista Fenwick, tauraron labarin, wanda Muriel ke ƙauna kamar ɗan cikinta.

Da zan fita, Hazel ta tare ni a bakin ƙofa ta riƙe min hannun kwat.

"Kawu, in da gaske ƙarya ya yi fa? Kwana biyu in na tambaye shi littafin, sai ya ce oke ne, ya canja zance."

"Me kika ce masa tun farko?"

"Na ce kada ya kuskura ya soki Uwar Ɗakinsu a gaban Mama. Duk abin da aka tambaye shi ya ce yana da kyau."

Na so in faɗa mata, Allah ya sani. Amma fuskar yarinyar nan ba ta iya ɓoye komai. In ta shigo ranar Asabar tana murmushi, Muriel za ta ce an haɗa baki. Sai na murza gashin baki na ce, "Ki yi haƙuri, ki sa shuɗiyar rigar nan taki, ki bar sauran a hannun kawunki."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta. Haka yaran yanzu suke.

Asabar da la'asar falon Muriel ya cika da matan ƙungiya, kowace da kofin shayi a cinya. Gethin ya zo da farar riga, ya goge hannu har ya yi ja, amma ƙarƙashin farcensa na nan baƙi. Ya zauna a bakin kujera, ya tura hannuwan tsakanin gwiwoyi. Muriel ta zuba masa shayi da irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

An fara da gardamar da aka saba. Misis Beryl, mataimakiyar shugaba, tana so a bi littattafan yadda aka wallafa su. Wata ta ce a ajiye mai kaurin sai hunturu, lokacin da ba aikin lambu. Wata ta nemi a yarda da sauraron littafi a kunne, aka dube ta kamar ta yi saɓo. Ana cikin haka Muriel ta ajiye cokali.

"Gethin, kai da ka riga mu gamawa. Yaya ka ga littafin farko?"

"Yana da kyau sosai, Misis Tapley."

"Wane wuri ya fi burge ka?"

Ya kalli Hazel. Hazel ta kalli kafet. "Duka... duka yana da kyau."

"Mista Fenwick fa?"

Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. "Yana da kyau shi ma."

Muriel ta kalli Beryl, Beryl ta kalli silin. Hazel ta miƙe wai za ta ƙaro ruwan zafi, amma na ga bayan hannunta a ido. Muriel ta gyara zama, ta buɗe baki za ta yanke hukunci. Nan na tashi tsaye, na gyara 'yar sharata, wadda kowa ya san babu irinta a garin.

"Shugaba, ina da shawara. Gasa ba ta yiwuwa babu take. Mu kira bana Shekarar Mijin Kirki, don girmama Mista Fenwick. Ranar buɗewa maza su yi shigarsa, da doguwar hula. Gethin kuma, tun da aure yake nema, shi zai tsaya a gaban jama'a ya yi alkawarin zai riƙe Hazel daidai yadda Mista Fenwick ya riƙe tasa."

Matan suka hau tafi. Hazel ta tsaya cak a ƙofar kicin da buta a hannu.

"Ba zan iya ba," in ji Gethin a hankali.

"Me ka ce?" Muriel ta ɗaga gira.

"Sori, Hazel. Misis Tapley, ki yi haƙuri, amma ba zan yi wannan alkawarin ba. Mutumin nan matsoraci ne. Yarinya ta tako da ƙafa cikin ruwan sama har ƙofar gidansa, yana tsaye a taga yana kallon ta, ya sa a ce ba ya nan don kawai kawunsa yana zaune a falo. A ƙarshe kowa ya yafe masa saboda gidansa na da tagogi da yawa. In na yi wa Hazel rabin haka, ki kore ni da tsintsiya."

Beryl ta manta biskit ɗinta a cikin shayi har ya narke.

"A fim ma akwai wannan," in ji Muriel, amma muryarta ta ragu.

"Ban kalli fim ba. Kuma tun da na riga na ɓata, bari in ƙarasa. Ina karen? Tsohon karen da yarinyar ta ɗauko daga gidan ubanta, ta rantse ba za ta rabu da shi ba. Ta ɗaure shi a ƙofar masauki ta shiga, daga nan ba a sake jin labarinsa ba. Na koma baya na duba, na sake dubawa. An yi biki, an yi rawa, kare na can a ɗaure. Uwar Ɗakinku ta manta da shi."

Ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro kwafinsa ya ɗora a tebur kusa da kek. Abin tausayi: bango ya rabu, shafuka sun kumbura, kowace kusurwa da tambarin babban yatsa baƙi ƙirin.

Muriel ta dubi littafin. "To wanda na ba ka fa?"

"Hazel ta ce shi ne kyautar farko da marigayi ya ba ki. Ki dubi hannuna, Misis Tapley. Ko na wanke da me ba ya fita. Na naɗe shi a sabuwar riga na sa a durowa, ban buɗe ba ko sau ɗaya. Wannan a wurin Kawu Clive na saya."

Duk ido ya dawo kaina. Na ɗan rusuna, kamar yadda ya dace.

Ba wanda ya tafa. Muriel ce ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Hazel ta ajiye buta ta durƙusa a gabanta.

"Mama, mene ne?"

"Karen," in ji ta da ƙyar. "Tun muna saurayi da budurwa ubanki ke damuna da karen nan. Duk hunturu in na ɗauko littafin sai ya leƙo ta bayan jarida ya ce, Muriel, an kwance shi kuwa? Tun da ya rasu ba wanda ya sake tambaya ta."

Ta share ido, ta tashi ta ɗauko littafin marigayi daga kan kantar littattafai, ta miƙa wa Gethin.

"Buɗe."

"Hannuna..."

"Na ce buɗe, ɗana. Na zarge ka a kan abin da ya kamata in gode maka. Littafin da ba a taɓawa ba shi da maraba da bulo."

Ya buɗe. Furen ya zame ya faɗa cinyarsa, babban yatsansa kuma ya bar tabo a gefen babi na biyu. Ya zabura zai goge, ta riƙe masa hannu.

"Bar shi. Amma a kan Mista Fenwick ba ka fahimce shi ba ne, kuma muna da shekara guda in gyara maka tunani."

An ɗaura auren da kaka, Muriel ce ta riƙo hannun Hazel har gaban coci. Gasar ma an yi ta, kuma an ƙara mata doka ɗaya: duk wanda ya ce littafi yana da kyau bai ƙara komai ba, shi zai wanke kofuna. A wurin liyafa an gode wa mai kek, an gode wa mai furanni, har marigayi kare an ɗaga wa kofi. Ni kuwa aka zaunar da ni kusa da ƙofar kicin, Muriel tana gaya wa mutane wai dama tun farko zuciyarta ta kwanta da yaron. Mu manya mun saba.

Ku dai matasa ku riƙe wannan. Zargi yana iya kallon ladabi ya kira shi ƙarya, saboda haka kafin ku yanke wa mutum hukunci ku bari ya buɗe baki. Wanda ake zargi kuma ya yi haƙuri, amma kada tsoron surukai ya sa ya haɗiye gaskiyarsa, don ita ce za ta cece shi a ƙarshe. Littafin yana nan a kan kantar Muriel, zoben kofin Leonard a bangon baya, yatsan Gethin a babi na biyu, kuma har yau ba ta bari kowa ya goge ko ɗaya.