Madaurin da Ya Ƙi Tsinkewa

"Ke! Kar ki taɓa min da wannan hannun naki na alli!"

Auta ta janye hannu da sauri. Jakar tana tsakiyar teburin falo, baƙa wuluk, siririyar sarƙarta sai ɗaukar ido take. Mai ita kuwa, babbar yayarsu, ta harɗe ƙafa tana kaɗa makullin mota. A bayan idonta Yaya Orijinal ake ce mata, don ko cokali ka miƙa mata sai ta juya bayansa ta ce, "Orijinal ne?" Tun da ta auri mai kamfanin tayoyi ba a ƙara yanke wata magana a gidan ba sai da bakinta.

"Masha Allah," in ji Mama, "wannan ko daga nesa aka hango ta an san ta manya ce."

Yaya ta taɓe baki ta juyo kan Auta. "Wai ina labarin direban nan naki? Har yanzu yana nan?"

"Motar asibiti yake tuƙawa, Yaya."

"To me ya raba? Direba dai direba ne. Ni ba na doguwar magana, namiji daga kyautarsa nake gane shi. Ya sayo miki jakar da za ki riƙe ki shiga mutane, mu gani. In tarkacen bakin titi ya kwaso, Mama, kar ma a ɓata wa Baba lokaci."

Mama ta sunkuyar da kai tana gyara zaman filo. Ba ta da mugunta, Allah ya sani, amma tun da Yaya ta sake mata kujerun falo bakinta ya mutu. Auta ta kwashi littattafan ɗalibanta ta shige ɗaki, hawaye na ɗiga a kan aikin yara.

Direban nan, abokan aikinsa Jiniya suke kiransa, saboda motar da yake ja, alhali duk asibitin babu mai shiru-shirunsa. Da Auta ta ce masa tana son su je sayen jaka, bai tambayi dalili ba, ya ce dama abin yana ransa. Ran hutunsa suka fita. Ita ta ja shi zuwa katafaren kantin da Yaya take sayayya, inda sanyin na'ura ke dukan mutum tun daga ƙofa, kowace jaka tana zaune ita kaɗai a gidan gilas da fitilarta. Mai jiran kantin, ashe tsohuwar ƙawar Auta ce ta makaranta, ta sa farar safar hannu ta ciro musu ɗaya.

Jiniya ya duba 'yar takardar farashin, ya yi murmushi, ko ɗigon kunya babu a fuskarsa.

"Wannan ta fi ƙarfina, gaskiya," ya ce. "Kuma ko ina da hali... dubi sarƙar nan. Za ta ci miki kafaɗa. Littafin yara nawa za ta ɗauka?"

"Ai ba ta littafi ba ce, yallaɓai, ta kilas ce," in ji ƙawar.

"To, ita kuma littafi take ɗauka kullum."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fito ba ta ko yi wa ƙawar sallama ba.

Ya bi da ita ta wani lungu a bayan kasuwa, zuwa ɗan shagon wata dattijuwa, inda ƙamshin fata ya cika ko'ina, jakunkuna a rataye har rufi. Ya daɗe yana zaɓe. Ya ja zif ya mayar, ya juya cikin jaka waje yana bin ɗinki da yatsa, ya ajiye wata don hannunta manne ne da gam, ya ajiye wata don ta yi nauyi tun babu komai a ciki. Can ya ɗauko wata ruwan ƙasa, mai taushi, ɗinki biyu-biyu, madaurinta mai faɗi kamar tafin hannu. Babu suna a jikinta ko ɗaya.

"Rataya mu gani," ya ce. "Tun ranar da na fara ganinki a tashar bas kike sauya jaka daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Abin yana damuna."

Ta rataya. Wallahi kamar don ita aka ɗinka. Ya sa dattijuwar ta ƙara huji ɗaya a madaurin don ya zo mata daidai ƙugu.

"In ta tsinke ku dawo min da ita, ɗana," in ji dattijuwar.

"Ba za ta tsinke ba, Inna," ya ce yana dariya.

Auta ta so jakar nan, kar wani ya ce ba ta so ta ba. Har ta kai gida tana shafa ta. Amma tana taka ƙofar gida muryar Yaya ta faɗo mata a rai, sai ta tura jakar ƙarƙashin gado. Washegari daga makaranta ta zarce kantin nan mai sanyi, ta ja ƙawarta gefe tana in'ina.

Ƙawar ta kwashe da dariya. "Haba, shi ne kike ta rawar baki? Ai kullum muna yi! Kastoma da yawa a nan suke barin kwali, mata kuma suna zuwa nema. Jira ni."

Ta fito mata da kwali mai tambarin kantin, da farin ƙyallen naɗi, har da ribon na ɗaure kwalin.

Da Yaya ta ga kwalin a kan tebur sai da ta cire gilashinta. Ta warware ribon a hankali, ta ɗaga jakar, ta shinshina, ta juya tana neman suna.

"Babu lebul..." in ji Yaya. Sai ta tafa hannu. "Ah! Sabon yayin nan ne! Masu kuɗin gaske yanzu ba sa son suna a waje. Ji fata, Mama, ji! Ashe yaron nan yana da kilas? To, ya zo ya ga Baba."

Mama ta rungume Auta tana sa albarka. Auta ta kira Jiniya ta ce an amince ya zo ranar hutu. Ya yi ta hamdala a waya, ita kuwa ba ta ce masa komai game da kwali ba. Cewa ta yi a ranta, in an wuce wurin ta faɗa masa su yi dariya.

Ranar da zai zo, Auta tana kicin tun safe. Ba ta san Yaya ta shiga ɗakinta ta ɗauki jakar da kwalin ba. Kantin nan yana da wata al'ada ta kasuwanci: duk jakar da aka saya a wurinsu, suna buga wa mai ita haruffan sunanta a jiki kyauta. Yaya ta ce bari ta yi wa ƙanwarta bazata, ta kuma kwashi ƙawayenta biyu don su ga irin surukin da gidansu zai yi.

Jiniya yana zaune a ƙasa kan kafet gaban Baba, sun yi nisa da hira, har Baba yana dariya yana tambayarsa yadda yake ratsa cunkoso da marar lafiya a baya. Auta ta shigo da tiren lemo ke nan aka banko ƙofa.

Jakar ce ta fara shigowa. A gaban gwiwarsa ta faɗi, kwalin ya biyo baya.

"Ɗan damfara! Maƙaryaci!" Yaya har ɗankwalinta ya zame. "A gaban ƙawayena! Manaja ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, 'Sori madam, wannan ba tamu ba ce.' Ni! Ni za a yi wa dariya a kantin da ake miƙe min tsaye?"

"Ke, lafiya? Yi a hankali," in ji Baba.

"Baba, jakar lungu ya sayo ya cusa a kwalin manya don ya rufe mu! Yau kwali ne, gobe me zai ɓoye?"

Jiniya ya dubi kwalin. Bai taɓa ganinsa ba, amma ya gane tambarin. A hankali ya ɗago ya dubi Auta. Babu fushi a idonsa, jira kawai yake yi. Kalma ɗaya ta isa: ni ce. Ta buɗe baki, ta ga idon Yaya jajir, ta ga Mama ta dafe ƙirji, sai harshenta ya yi nauyi. Kaico, yarinyar nan ba ta ce uffan ba!

Ya jira har shirun ya yi yawa. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, Baba. Jakar ni na saya."

Baba ya daɗe yana kallonsa, fara'ar ɗazu ta gushe. "Yaro, ni ban tambaye ka abin da ka mallaka ba, kuma ba ni da niyyar tambaya. Da hannu biyu ka zo min ba komai, da na ba ka ita. Amma ba na haɗa zuri'a da mai ƙarya. Tashi ka je."

Ya ɗauki jakar daga ƙasa, ya kakkaɓe ta, ya ɗora a hannun kujera. Ya yi sallama ya sa takalminsa. Ko waiwaye bai yi ba.

Auta ta kwanta ciwo. Abinci ba ya shiga, ta rame ta yi zuru-zuru, Mama tana ta lallashi wai Allah ne ya raba ta da mugun iri. Wannan lallashin ya fi komai ƙona mata rai. Ran nan da safe ta iske Baba yana ba shukokinsa ruwa, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta faɗa masa komai tana shessheƙa.

Baba ya ajiye butar. "Kina tsaye na kore shi? Kina ji ana ce masa ɗan damfara?"

"Tsoro na ji, Baba..."

"Tsoron wa? Ni na haife ki ko yayarki?"

A gabanta ya kira Jiniya a waya, dattijo da furfurarsa, ya ba shi haƙuri. Jiniya ya ce wallahi babu komai, ya yafe, Allah ya ƙara girma. Amma bai ce zai dawo ba. Yaya kuwa da ta ji, kafaɗa ta ɗaga ta ce ko ma wa ya sa kwalin, jakar dai ta lungu ce.

Auta ta same shi a harabar asibiti yana wanke mota, ya naɗe hannun riga. Ya gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa, abin da ya fi zagi ciwo.

"Ka yafe min, don Allah. Kwalin nan..."

"Ba kwalin ba ne, Auta." Ya matse soson a bokiti. "Kwali na fahimta, na san gidanku. Da kin faɗa min ma, da dariya zan yi. Shirun ne. Ina kallonki kina kallona. Kullum in na rufe ido shi nake gani."

"Ba zan ƙara ba! Wallahi ba zan ƙara ba!"

"Na yarda har zuciyarki kike faɗa. Ni ne na kasa." Ya share hannu a wando. "Na nemi a mayar da ni reshenmu na nesa, an kuma ba ni."

Ta ciro jakar daga kafaɗa ta miƙa masa. Ya girgiza kai.

"Taki ce, daidai ke aka huda ta. Ranar da madaurin ya tsinke ki aiko a faɗa min, ni zan zo in kai wa Inna gyara. Wannan alkawarin kam na ɗauka."

Rediyon motar ya yi ƙara ana kiransa. Ya shiga ya ja, jiniya ta cika harabar, ya bar ta tsaye a cikin ruwan kumfa.

Shekaru suka shuɗe, aka sake aji, aka sake wani. Yaya ta canza jaka ta sake canzawa, sarƙar waccan ma tuni ta dusashe an ba mai aiki. Ta Auta kuwa kullum cike take taf da littattafai da kwalin alli da gorar ruwa, ruwan sama ya dake ta, an matse ta a bas, wani yaro ma ya taɓa lilo da ita. Sai ƙara taushi da sheƙi take. Duk wadda ta tambaye ta a ina ta saya, Auta takan ce, "A wani lungu bayan kasuwa. Direban motar asibiti ne ya zaɓa min." Kowace safiya sai ta bi ɗinkin madaurin da yatsa, ta ga ko zare ɗaya ya saki. Ko ɗaya.

Wata rana bayan an tashi, tana zaune ita kaɗai a aji, ta jawo almakashin yanka kwali daga durowa. Ta ɗora madaurin a tsakanin bakinsa. In ta danna sau ɗaya ta aika masa, ta san zai zo, don bai taɓa saɓa magana ba. Zai zo ya karɓi jakar, ya bi bakin yankan da yatsa kamar yadda ya bi ɗinkin ranar farko, sannan ya ɗago ya dube ta.

Ta fashe da kuka. Ta mayar da almakashin ta rufe durowa.

'Yan mata, ku ji da kyau. Abin da aka ba ku don ƙauna kada ku sake masa kwali don idon dangi, kuma in an ɗora wa masoyinku laifinku, ku buɗe baki nan take, don wani shirun ba ya gyaruwa. Auta ta koyi wannan, sai dai ta koya a makare.

Ta share ido ta zuba littattafan yara a jaka. A bakin titi wata motar asibiti ta wuce da gudu, ta tsaya cak tana leƙen mazaunin direba, wani ne daban. Ta gyara zaman madaurin a kafaɗarta ta nufi tashar bas.