Shirun Gidan Kan Tudu

Rayén, an gama! Fim ɗin Yaya Fresia ya kammalu lafiya lau, an miƙa shi jiya! Matso nan, ajiye jakar, sai kin ji yadda aka yi.

Kin san aikinta tace fim ne, a wani ɗan ɗaki can saman tudun birnin Valparaíso, ita da kwamfutoci. Tun da aka ba ta wannan fim ba ta leƙo gida ba. A can take cin burodi da shayi ita kaɗai, a can take kwana kan kujera. Darakta ya ce in ba ta miƙa ranar Juma'a ba, wani zai ba.

To, ran Laraba da yamma, hazo ya taso daga teku ya rufe taga. Ta sayo burodi ta hau bene. Abu ɗaya ya rage mata, cike gurbi. Ashe in an yanka maganar 'yan wasa, ba a barin wurin wayam, kunne zai gane. Shi ya sa bayan an gama ɗauka kowa ke tsayawa inda yake, a yi tsit, mai ɗaukar sauti ya naɗi shirun ɗakin. Da wannan shirun ake yin faci.

Ta ɗauko shirun tsohon gidan kan tudu da aka yi fim ɗin a ciki, ta lilliƙa ko'ina. Ta sa abin sauraro a kunne, ta kunna.

Sai ta ji numfashi. A hankali, mai ɗan shaƙewa irin ta tsufa.

Ta ce ai abin kunne ne ya lalace, ta canza. Yana nan. Ta canza wayar sauti, ta kashe kwamfuta ta sake kunnawa. Yana nan. A allo kuwa layin sautin a miƙe yake sambal, babu ko ɗan tudu. Na'ura ta ce ba komai, kunne ya ce da mutum.

Ta kira Baba Evaristo, tsohon da ya ɗauki sautin.

"Baba Evaristo, wa ke mura a cikinku ranar? Ya ɓata min shiru."

Ya yi dariya. "'Yar nan, ke dai ba ki rasa ƙorafi. Wane shiru?"

"Na gidan kan tudu."

Dariyar ta tsaya. "Ranar kowa ya watse kafin in naɗa. Washegari na koma, na ajiye na'ura a tsakar ɗaki, na ja ƙofa na fita shan taba."

"Wa ka bari a ciki?"

"Fresia, gidan ba kowa. Ni na riƙe makulli."

Ta ajiye waya. Ɗakinta ya fara wari irin na tsohon katako da ya sha damina. Ta danna ta tsayar da fim ɗin.

Numfashin bai tsaya ba.

Ta zare abin kunne. Ta fizge wayar lasifika daga bango.

Yana bayan kujerarta.

Can ƙasa ba a jin mota. Ba a jin jiragen ruwa. Ko fankar kwamfuta ta yi ɗif.

Sai wata murya, dab da kunnenta, sanyi ƙalau:

"Shiru. Ana ɗauka."

Ta buɗe baki ta kira Mama. Ba abin da ya fito. Ta sake. Iska kawai. Tana ji ana jan muryarta daga maƙogwaro kamar zare, a hankali, a hankali. Kuma abin da ya fi ba ta tsoro, ta ce, wani sashe na zuciyarta so yake ta zauna. Ta daɗe ba wanda ya zauna kusa da ita haka.

Gwiwar hannunta ce ta ture kofin shayi.

Tas! Ya tarwatse a ƙasa. Karen maƙwabta ya ɗauki haushi, na gaba ya amsa, duk tudun ya rikice. Zaren ya tsinke. Ta wawuri ma'ajiyar fim ɗin, ta diro daga bene ba takalmi, tana buga ƙarfen matakala da hannu don kada shiru ya sake kama ta.

Haka ta faɗo mana kicin, ƙafa duk jini, murya kamar ta ɗan tsako. Mama ta ce, "Wa nake gani? Ashe kin san hanyar gida!" Sai ta ga fuskarta, ta rungume ta.

Yanzu a ɗakina take kwana, da rediyo a kunne har safe. Ta ce ba ta ƙara aiki a rufaffen ɗaki ita kaɗai.

Shirun gidan kan tudu kuwa ta goge shi kaf. Amma gurbin fa? Da safe ta tsayar da ni da Mama a kicin, ta ɗora na'ura kan tebur, ta ce kada wanda ya motsa. Rayén, na kusa fashewa da dariya, Mama na hararata! Da shirunmu ta cike fim ɗin gaba ɗaya. Darakta ya saurara ya ce bai taɓa jin gidan nan da ɗumi haka ba.

Bai san komai ba, kuma in ya ji an canza masa sauti ba izini, aikinta ya tafi. Don Allah, Rayén, ko kakarki kada ki gaya wa, bari a nuna fim ɗin tukuna. Rantse!