Kyamarar Malam Mode

Malam Mode mai hoto bai bar wa 'yarsa Husainatu gona ba, ko akuya bai bari ba. Gadonta a Wurno ɗakin wanke hoto ne, da tsohuwar kyamara mai naɗewa, wadda in an buɗe ta wuyanta na fata ke miƙowa kamar zugazugi. Shekara uku murfin idon kyamarar na cije, sai da Jafaru mai gyaran agogo, ɗan Goronyo, ya kwance shi ya goge 'yan ƙarafan nan masu kaurin ɓawon albasa. Daga gyara aka koma zance, har manya suka shiga.

Saura kwana tara a sa rana, Kawu Bube, waliyyinta, ya jefo mata hoto a tsakar gida.

"Mi ke nan, Husainatu?!"

Ita ce, kanta kwance a kafaɗar Jafaru.

Sadiya 'yar Kawu, mai ɓata agogonta da gangan don zuwa teburin Jafaru, ta sunkuyar da kai. "Ni dai tsinta niy yi, Baba..."

"Kawu, wallahi ban taɓa..."

"Hoto bai ƙarya! An fasa!"

Husainatu ta san yadda aka yi. Ta ɗauki hoton Jafaru a kasuwa, ta manta ba ta murɗa fim ba. Da ta dawo gida Sadiya ta ɗauki hotonta da kyamarar, hoto ya hau kan hoto.

Jafaru ya kira ta a waya. "Rabin raina, bari in taho in ba shi haƙuri."

"Haƙurin mi? Laifin mi munka yi? Zamna inda kake!"

Ta ɗauko kyamara, ta durƙusa gaban Kawu.

"Kawu, gyara hula."

"Ke! Ni za ki..."

Ƙyas!

Ba ta murɗa ba. Ta juya ga jakinsa da ke turke.

Ƙyas!

Washegari da la'asar ta miƙa wa Kaka, mahaifiyar Kawu, sabon hoto. Ga Kawu da jaki kunci da kunci, kunne ɗaya ya ɓullo ta hularsa.

Kaka ta yi dariya har da tari. "Bube! Yaushe anka ɗaura, ba a gaya min ba?"

"Inna, ƙarya ce wagga!"

"A'a Kawu," in ji Husainatu a hankali. "Hoto bai ƙarya."

Sadiya ta sulale ɗaki. Kawu ya daɗe yana kallon hotunan biyu, sannan ya yi gyaran murya.

"A ce ma yaron nan maganar tana nan. Wanga kuwa a ƙone shi."

"Za a ƙone, Kawu," ta ce, tana soke hoton a gefen zane. "Bayan ɗaurin aure."