Sawun Yatsa a Tudun Tsalle

Motar ba ta fi tsawon hannun mutum ba, amma ta isa ta raba gida da maigida. Falmata ta gan ta da idonta: jar motar rimot ta 'yan Gashua, mai shan fetur, ta hau tudun tsalle a guje, ta karkace a iska, ta tsallake tayoyin da aka kange titin da su, ta sami Baba Laminu a ƙirji. Tsohon ya kifa ta baya daga kan benci, ƙeyarsa ta daki wani ƙarfen dogo da ke kwance cikin yashi. Kafin keke napep ya kai su asibiti, mahaifinta ya cika a kan cinyarta.

Filin tseren yana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, maƙwabcin rumfunan masu bandar kifi. Zainulabidin ne ya tsara titin, ya gina shi da laka, kwana bayan kwana, don gasar Nguru da Gashua. Shi ne kuma saurayin Falmata, wanda aka sa musu rana bayan kaka. Baba Laminu, tsohon mai banda, bai taɓa kiran abin da wani suna ba sai "wasan yara masu gemu". Ranar Asabar ɗin nan ce kaɗai ya tako filin, ba tare da ya gaya wa kowa ba, don ya girmama surukinsa. Kafin la'asar 'yan sanda sun rufe Zainul bayan kanta.

Bayan sadakar uku Falmata ta ja mayafi ta tafi ofishin 'yan sanda.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Sifeto Yuguda, mai binciken lamarin. "Amma 'yata, magana a fili take. Wanda ya gina tudu mara kyau, rai ya salwanta, kotu za shi."

"Yallaɓai, bari in ji daga bakinsa."

Aka fito da Zainul. Idanunsa sun faɗa, kamar wanda ya yi jinyar shekara. Ya kasa kallonta.

"Ni na zaunar da shi a bencin nan, Falmata. Da hannuna na share masa wurin."

"Ba kuka na zo ji ba, na yi nawa. Gaya mini yadda ka gina tudun."

Da ya fara maganar aikinsa, sai muryarsa ta ɗan tsaya da ƙafarta.

"Bakin tudu dole ya zama a miƙe, dama da hagu daidai, don tayoyi su bar ƙasa tare. Bayansa na bar fili mai tsawo, mota ta sauka ta nutsu kafin ta shiga kwana. Kwanar ta hagu ce, shi ya sa duk gwanin direba ta dama yake hawa tudun, don ya shigo ta da faɗi. Ranar Alhamis kowa ya gwada, ko ɗaya ba ta karkace ba. Juma'a muka yayyafa ruwa, muka hana kowa shiga don laka ta kama."

"Da wace laka?"

"Baƙa, ta bakin kogin Gashua, da ƙaiƙayin shinkafa. Rana ce ke busar da ita."

Sifeton ya taɓe baki. "Kowane magini haka yake cewa in gini ya faɗi."

"To, Yallaɓai, mu je mu tambayi ginin."

Ko tausayi ne, ko kunyar marainiya ce, ya ɗauki hularsa ya bi ta.

Filin ya yi tsit. Tutocin leda suna kaɗawa a kan titi mai lanƙwasa kamar macijin da ya mutu a rana. Gaji, mai yayyafa wa titin ruwa, yana zaune a inuwar darbejiya da jarkokinsa.

"Gaji, ina kake ranar Juma'a?" in ji Sifeto.

"Da sassafe na zuba ruwa, na hau a-kori-kura zuwa Kumagannam, sunan ɗan ƙanwata. Tambayi duk garin, Yallaɓai, ni na cinye kan ragon."

"Da ka dawo ba ka ga komai ba?"

"Sai 'yar toka kusa da tudu, da safiyar Asabar. Na ce yara ne suka gasa fara. Na share."

Falmata ta durƙusa gaban tudun. Da ido babu abin gani, ƙura ta lulluɓe komai. Ta kwantar da kumatunta kusa da ƙasa ta leƙa bakin tudun daga gefe, sai ta ga ɓangaren dama ya ɗara na hagu tashi, ɗagowa 'yar kaɗan, kamar leɓen mai raini. Ta tsinci tsinke ta kankare hagu: baƙar laka da ƙaiƙayi. Ta kankare dama: ja, mai tauri, tana ƙara kamar kasko.

"Yallaɓai, rana ba ta mai da baƙar laka ja. Wannan wuta ce ta gasa ta."

Sifeton ya tsuguna, ya ɓanɓari guntu ya shinshina. Fuskarsa ta sauya.

"An yi ƙari ke nan."

"An yi ƙari, kuma mai yin yana sauri. Ɗanyar laka za ta tona masa asiri, sai ya tara busasshiyar ciyawar kacala a kai ya cinna, ya watsa ƙura. Haka muke gasa sabon murhun banda in kifi ya zo ba shiri. A unguwar nan kuwa, wa zai waiwayi hayaƙi? Balle lokacin da kowa ke masallacin Juma'a."

Ta bi bayan leɓen da hannu. Can ƙasa da bakin, inda ido ba ya kaiwa, babban yatsanta ya faɗa cikin wani siririn kwarmi da aka ja tun laka na ɗanya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi.

"Mene ne?" in ji Sifeto.

"Ƙaya ce," ta ce. Ta ce wa zuciyarta kuma: masu banda a Nguru ai ba su ƙirguwa.

Washegari suka kama hanyar Gashua. Ahmed, direban jar motar, yana da shagon gyaran janareta kusa da kogi. Da ya ga Falmata sai ya miƙe, sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"'Yar'uwa, wallahi tun ranar ban sake taɓa rimot ba. In na rufe ido shi nake gani."

"Yaushe ka shiga Nguru?" in ji Sifeto.

"Alhamis mun je gwaji mun dawo. Sai kuma Asabar da hantsi, mu duka a bas ɗaya. Juma'a a nan na yi salla, sahun gaba, liman ma shaida ne."

"Wa ke jin tsoron motarka?"

Ahmed ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Duk Nguru, Yallaɓai. Ta fi nasu nauyi, ta fi su gudu. Ni kuwa zan haƙa wa kaina rami ne?"

"Akwai wanda ya ɗauki tseren a waya?" in ji Falmata.

Akwai. Ya miƙo mata wayar, ya kau da kai. Ta kalli motocin suna zagayawa kamar ƙudan zuma. Kowace ta zo tudun sai ta bi dama, yadda Zainul ya ce, ta ɗan yi tangaɗi a iska ta sauka. Jar motar na cikin cunkoso a zagayen farko, ba ta sami sakewa ba. Mota ɗaya ce kawai, shuɗiya, take raɓewa hagu, hanyar da ke cin lokaci, hanyar da ko ɗan koyo ba ya bi. Ta bi hagu a zagayen farko, kafin kowa ya ga tangaɗin kowa. Ta sake bi. Ta sake. Sannan jar motar ta sami fili ta taho da dukkan ƙarfinta, Falmata ta kife wayar a cinyarta.

"Shuɗiyar nan ta wa ce?" in ji Sifeto.

Ahmed ya dubi Falmata, ya dubi ƙasa. "Ita ta fi ni sani."

Hanyar komawa Nguru ba ta taɓa yi mata tsawo haka ba. Fadamu suna wucewa, farin balbela a kan ruwa, ita kuwa tana auna abu biyu da ba su aunuwa. In ta yi shiru, mutumin da ya share wa mahaifinta benci zai tsufa a kurkuku da laifin da ba nasa ba, yana kuma gaskata cewa nasa ne. In ta yi magana, gidansu zai yi rashi na biyu kafin a nannaɗe tabarmar zaman makoki. Sifeton bai matsa mata ba. Sai da suka hango hayaƙin rumfunan banda ta share fuska ta ce, "Yallaɓai, tsaya a rumfarmu."

Yayanta Modu na tsaye kan murhu yana juya tarwaɗa a ragar waya. Ya rame shi ma. Kowa ya ɗauka maraici ne.

"Ke kuma daga ina, da ɗan sanda a bayanki? Inna na can tana nemanki."

"Ya Modu, ba ni hannunka."

"Hauka kike yi?"

Ba ta jira ba. Ta kama Sifeto ta bakin hannun riga, ta kai yatsansa ƙarƙashin leɓen murhun da ba a hura ba. Ga kwarmin nan, siriri, zagaye da baki.

"Yallaɓai, zaga duk rumfunan nan, ba za ka sami wannan ba sai a tamu. Baba ne ya ƙirƙiro shi, don leɓen murhu kada ya tsage in wuta ta ci shi. Mutum biyu ya koya wa, ni da Ya Modu. Ni ban taɓa riƙe rimot ba. Wannan kwarmin yana bayan tudun tsalle, a ƙarƙashin jar laka."

"Kwarmi!" in ji Modu, yana dariyar da ba ta da gindi. "A kan kwarmi za ki kawo wa yayanki hukuma?"

"A kan kwarmi da shuɗiyar motarka. Ranar Alhamis ta ina ka hau tudun?"

Modu ya juya wani kifi, Falmata ta ci gaba.

"Ta dama, kamar kowa, Zainul shaida ne. Ranar Asabar me ya kai ka hagu tun zagayen farko? Wanda bai san da rami ba, ba ya kauce masa. Ka san motar Ahmed ta fi ƙarfinka. Ka ɗaga bakin dama don ta kife ta fita daga tsere. Ka gasa lakar don kada a gane. Kanka ya yi dabara, Ya Modu, amma hannunka bai san ɓoyo ba. Ya gama leɓe, ya ja kwarmi, yadda aka koya masa."

Wani kifi ya faɗa cikin wuta. Ba wanda ya ciro shi. Modu ya zame a hankali ya zauna cikin toka.

"Kifewa kawai na so ta yi," ya ce, muryarsa kamar ta yaro. "Ta kife a kan titi, a yi dariya, mu ci kofi sau ɗaya a garinmu. Falmata, Baba ba ya zuwa! Bai taɓa zuwa ba! Sai da na hau dandamalin direbobi na hango hularsa a bencin gaba. Na so in yi ihu a tsaya. Na ce in na yi, kowa zai san dalili. Na ce ai tayoyi za su tare."

"Da aka tafi da Zainul fa?" in ji Falmata.

Ya rufe fuska da hannayen da suka yi baƙi da hayaƙi. Sifeto Yuguda ya matso ya dafa kafaɗarsa. Bai fito da ankwa ba.

A ofis, ƙofa ɗaya ce ta saki wani ta karɓi wani. Zainul ya fito riƙe da takalmansa, ya ga wanda ake shigarwa, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Falmata, me kika yi?"

"Tudunka daidai yake," ta ce. "Abin da na zo gaya maka ke nan. Je ka gida, mahaifiyarka na jira."

"Bari in raka ki."

"Inda za ni ba a rakiya."

Ta taka da ƙafa har unguwarsu. Masu gaisuwa sun watse, tsakar gida ta yi faɗi. Inna na zaune bakin murhu cikin fararen kayan takaba, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan murfin kwano. Ta ɗago da jajayen idanu, ta leƙa bayan Falmata, wajen ƙofa.

"Ina yayanki? Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Ga tuwonsa nan yana hucewa."

Falmata ta cire takalmanta, ta zo ta durƙusa a gabanta, ta ɗauke kwanon ta ajiye gefe, sannan ta riƙe hannun da ya saura babu komai.

"Inna," ta ce, "ajiye carbin tukuna."