Alkukin da Radiyya Ta Rufe

Ranar Alhamis ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa a bayan tashar Gumel, Radiyya na tsaye a tsakiyar falonta, ta riƙe ƙugu tana kallon aikin hannunta. Wata uku ke nan da aka yi wa mijinta Abdulƙadir canjin wurin aiki, suka baro gidan gado mai faɗi a Gagarawa suka shigo ciki da falo na haya, su biyu da 'yarsu Rayhana mai shekara tara. Gidan tsohon ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti aka raba shi huɗu, kowane ɓangare ko akuya ka ɗaure a ciki sai ta yi maka ƙorafi.

Amma Radiyya ba ta cikin matan da ke zabga tagumi. Ta sa Usaini kafinta ya ƙara wa gado tsawon ƙafa, ya yi mata akwatuna masu taya da ke shigewa ƙarƙashi. Durom ɗin gero ta ɗora masa katako da kyalle ya zama tebur. Tukwane ta jera su ɗaya cikin ɗaya, ƙore suka hau ragaya, tabarmi suka koma kan igiya can kusa da rufi. Tsofaffin jarkoki ta yanke musu baki ta kafe a bayan ƙofa, takalma suka samu mazauni. Kujerar falo ma in ka ɗaga mazauninta sai ka ga zannuwan gado a ninke. Matan maƙwabta har sallama suke yi su ce sun zo gaisuwa, alhali kallo suka zo. Abdulƙadir kuwa cewa yake yana tsoron ya daɗe a zaune wuri ɗaya, kada ta ninke shi ta tura ƙarƙashin gado.

Abu ɗaya ne ya rage bai sami wuri ba: wata 'yar jaka mai ɗauke da kayan Yazid, jaririnta da ya rasu bara yana da wata huɗu. Ta kasa bayar da su, ta kuma kasa kallonsu. Duk inda ta sa jakar sai idonta ya kai. A bangon uwar ɗaka akwai wani tsohon alkuki, irin ramin nan da mutanen da ke ajiye fitila a ciki, mai zurfi da sanyi, masu shafen siminti sun bar shi yadda yake. Ranar Alhamis ɗin nan da hantsi ta sa Usaini ya yi masa 'yar ƙofa da sakata. Da ya tafi ta tura jakar ciki ba tare da ta leƙa ba, ta ce bismillah kamar yadda mahaifiyarta ta koya mata a kan kowace ƙofa da kowane murfi, ta ja sakata. Sannan ta jawo kantar kwanuka ta tare wurin, da niyyar ba za ta sake buɗewa ba har abada.

Ladan na ɗaga murya da kiran magariba, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan.

Ta ɗauka yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, kowanne daidai saman uwar ɗaka. Abdulƙadir da ke alwala ya ajiye buta ya zagaya bayan gida, bai ga kowa ba sai kaji na neman makwanci. Kajin ma ba sa kuka. Unguwar ta yi wani irin tsit da ba a saba ji ba a wannan lokaci, ba ƙarar babur mai ƙafa uku, ba muryar mai tallan awara. Da aka sallame salla jifan ya tsaya, suka ci tuwo suka kwanta.

Washegari da almuru aka sake, wannan karon da ƙari. Radiyya ta fita tsakar gida kwashe shanya, da ta dawo ta tarar an jawo duk akwatunan ƙarƙashin gado an zazzage su. Takalma sun zubo daga jarkoki, tukwane an raba su an kife, an ɗaga murfin durom an tona geron kamar da hannu. Ba a fasa komai ba, ba a ɗauki komai ba. Wanda ya yi aikin ba ɓarna ya zo yi ba, nema yake. Ta tsaya a bakin ƙofa, sai ta ji shi, siriri, daga nesa kamar daga ƙarƙashin ƙasa: kukan jariri.

Ba ta gaya wa kowa ba. Tun rasuwar Yazid takan ji irin wannan a kunnenta, kuma ta gaji da kallon tausayi da ake yi mata in ta faɗa. Ta ce a ranta zuciya ce, ta durƙusa ta shiga mayar da kaya.

A rana ta uku abin ya koma kan Rayhana. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya sai aka gan ta zaune a uwar ɗaka ta fuskanci kantar kwanuka, tana kaɗa jiki gaba da baya, tana wani gunguni irin na mai rarrashi. In an kira ta ba ta juyowa. In aka ɗauke ta aka kai falo, da an saki hannunta sai ta koma. Ta daina cin abinci, ruwa ma sai an ɗura mata. Da rana takan yi shiru kamar mai zazzaɓi, amma da inuwa ta fara tsawo sai ta tashi ta kama kartar bango a gefen kantar har faratanta su yi jini. An kai ta asibiti aka ce ba a ga komai ba. Abdulƙadir ya yi tofi, ya kunna karatu, ya yi hayaƙin habbatus sauda. Kullum magariba duwatsu na sauka, kullum yarinya na ƙara zubewa. Kukan da Radiyya ke ji shi ma kullum ƙara rauni yake, ranar Laraba da ƙyar ta tsinkaye shi.

Ranar Alhamis ta zagayo, Abdulƙadir ya ɗauki babur tun da safe ya nufi wata ruga a bayan Sule Tankarkar, ya ɗauko Malam Sajo. Dattijo ne siriri, makiyayi mahaddaci, wanda ba ya son yawan magana. Sun iso bayan la'asar. Ya tsaya a falo ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya dubi bayan ƙofa.

"'Yata, ke kika shirya ɗakin nan?"

"Ni ce, Allah gafarta Malam."

"Ba ki bar wa ko gizo-gizo wuri ba," in ji shi, bai yi murmushi ba.

Ya sa aka shimfiɗa tabarma a uwar ɗaka, aka kwantar da Rayhana, ubanta ya riƙe mata kafaɗu. Ya zauna ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ba tsawa ba duka. Hasken taga ya yi ta raguwa. Radiyya na tsugune a ƙofa tana kallon ƙirjin 'yarta na hawa da sauka da ƙyar, tsoro ya cika ta. Can sai yarinyar ta buɗe ido, ta tashi zaune da ƙarfin da ba nata ba, ta yi magana da muryar babbar mace wadda kuka ya dusashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Sunana ba zai amfane ka ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba." Kan Rayhana ya juya a hankali ya tsaya a kan Radiyya. "Uwarta ce ta kulle min ɗa."

Radiyya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi.

Muryar ta ci gaba. Ta ce tana nan tun wurin yana fili da rumbuna. Aka rushe rumbuna ta koma zaure, aka mai da zaure shago ta koma soro, aka raba gida huɗu ta rasa ko'ina sai wannan alkuki. Matar nan ta zo ta cike ƙarƙashin gado, ta cike bayan ƙofa, ta cike saman rufi, ita kuwa duk ta haƙura ta matsa. Ranar Alhamis ta kwantar da jaririnta a alkuki don sanyinsa, ta tafi kasuwar Maigatari. Da ta dawo da yamma ta tarar da ƙofa.

"Ƙofar katako ce," in ji Malam. "Irinku katako ba ya tare ku."

"Ba katakon ba ne. Da Sunan ta rufe. Ba ni da ikon buɗe abin da aka rufe da Sunan nan, kai ma ka sani. Na yi jifa, na zazzage mata kaya ko za ta nemi wani abu ta buɗe. Kwana bakwai ina jin sa ta cikin bango." Muryar ta karye. "Ita ma tana ji. Na ga fuskarta. Tana ji ta yi shiru."

Abdulƙadir ya juyo ya dubi matarsa. "Maman Rayhana, da gaske ne?"

"Na ɗauka Yazid ne," ta ce, hawaye na zubo mata. "Wallahi na ɗauka Yazid nake ji."

A waje ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

"Sunan Allah bai zalunci kowa ba," in ji Malam Sajo. "Ke kika ajiye ɗa a ɗakin mutane, ita kuma ba ta gan shi ba. Za a buɗe miki. Amma sai kin yi rantsuwa za ki saki yarinyar nan, ki bar gidan."

"A bar min alkukin."

"Ba za a bar miki ba. Zamanku tare ya ƙare. Akwai kufai a dajin da ke tsakanin nan da Gagarawa, babu mai matsa miki a can."

Muryar ta ce, "Na yarda. In yana da rai, na rantse da Wanda ya halicce mu zan tafi. Tun jiya ban ji motsinsa ba. In babu rai, Malam, ka ƙona ni in ka so, amma ba zan fita daga jikin nan ni kaɗai ba."

"Ba ki da wannan haƙƙi."

"Ban ce ina da shi ba."

Malam ya ɗaga murya zai koma karatu, amma Radiyya ta riga ta miƙe. Ba ta jira izinin kowa ba. Ta sa kafaɗa ta ture kantar, kwanukan da ta jera da lissafi suka zube suna ƙara a ƙasa, ko kallonsu ba ta yi ba. 'Yar ƙofar na nan yadda ta bar ta. Ta kai hannu ga sakatar. Ta san abin da ake ji in an taɓa jariri aka ji shi da sanyi, ta taɓa ji da wannan hannun, ba ta fatan haka ko ga maƙiyinta. Ta ce bismillah, ta zare.

Ba abin da ya fito sai iska mai sanyi da warin tsohuwar ƙasa. A ciki jakar ce kawai, bakinta a buɗe, ƙananan riguna sun bazu sun lotsa a tsakiya.

Rayhana ta rarrafo a kan gwiwa ta wuce uwarta, ta zura hannu biyu cikin alkukin, ta fito da su a hankali a tanƙwashe, ba komai a kansu da ido zai gani. Ta kai su ƙirji. Ta sunkuyar da kai ta kara kunne. Ladan ya yi kabbara ta farko, ya yi ta biyu. Ba wanda ya motsa a ɗakin. Radiyya ta sami kanta tana addu'a da dukan zuciyarta, ba ta ma san wa take roƙa wa ba, 'yarta ko ɗan da ba ta gani.

"Yana numfashi," in ji muryar, can ƙasa.

Radiyya ta zube a wurin ta fashe da kuka.

"Cika alkawari," in ji Malam.

Idanun yarinyar suka ɗago suka tsaya a kan Radiyya, suka daɗe. "Rigunan sun riƙe masa ɗumi," ta ce. "Na tafi."

Rayhana ta yi atishawa sau uku, hannayenta suka saki, ta sulale a jikin uwarta. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma. Daga waje aka ji babur ya wuce, wata mata na ƙwala wa ɗanta kira, kaji na rigimar makwanci. Malam Sajo ya shafa fuska ya tambayi inda buta take.

Radiyya ta rungume 'yarta tana shafa mata kai, tana jin zuciyar yarinyar na bugawa a ƙirjinta. An ɗan jima Rayhana ta buɗe ido, ta dubi kwanukan da ke warwatse a ƙasa, ta dubi uwarta, ta yi magana da 'yar muryarta ta kullum.

"Umma, yunwa nake ji."