Mai Jaka da Dasashin Abba

Ranar da ya fara shigowa asibitin haƙorin, Sista tana wanke ƙarafan aiki. Ta dubi jakarsa mai ɓallallen zif, ta dubi takalminsa da ya sha hanya, ta yatsina fuska. Wani ɗan tallan ke nan, irin masu rantsuwa cewa kayansu har karaya suna ɗorawa.

Ya ce man goge bakin da ya kawo yana da sinadarin enzayim, irin wanda ke cikin yawun mutum. Yana rage ƙwayoyin cutar da ke tara datti mai yauƙi a gindin haƙori, sai dasashi ya huta da kumburi.

"To sannu, Mai Jaka," in ji ta. "Mu sai mu rufe asibiti mu koma sayar da yawu."

Dariya kawai ya yi, ya ajiye kwali uku ya tafi. Ta raba wa marasa lafiya don ta ƙaryata shi, sai ga wasunsu sun dawo jinin dasashinsu ya ragu. Ba ta gaya masa ba. Lambar wayarta dai ta ba shi, wai saboda aiki.

"Sarauniyar Yatsina," ya rubuto mata, "yau shago goma sha ɗaya na shiga, babu wanda raininsa ya kai naki daɗi."

Ta amsa: "Ka dai ci abinci, Mai Jakata. Surutu ba ya cika ciki."

Sai dai akwai Likita, shugabanta a wurin aiki, wanda ya riga ya kai gaisuwa gidansu da dalleliyar mota. Shi a bakinsa Mai Jaka ɗan tallan kumfa ne. Abbanta ma, tsohon hedimasta, cewa ya yi bai sa ta a makaranta don ta auri mai yawo da kwali ba.

Abba kuwa ya shekara biyu dasashinsa na jini, har ya bar cin nama, amma girman kai ya hana shi buɗe wa 'yarsa baki. Wata rana Likita ya zauna kusa da shi, ya ja kujera baya, ya kai hankici hanci. Washegari a gaban ma'aikata ya ce wa Sista bakin tsohonta sai an kira masu kwasar shara. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ga kwat ce kawai a tsaye, babu mutum a ciki.

Da Mai Jaka ya zo gaisuwa, ko tabarma Abba bai nuna masa ba. Ya miƙa hannu yana taɓe baki, ya ce a ba shi man mu'ujizar ya gani. Sista tana bayan labule tana saurare.

"Abba, wannan ba zai cire dattin da ya riga ya daskare a haƙori ba," in ji Mai Jaka a durƙushe. "In na ce zai cire, na yi maka ƙarya. Sai an kankare tukuna, kuma ban san mai sauƙin hannu kamar 'yarka ba. Bayan nan sai nawa ya taimaka."

Abba ya dube shi. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɗan tallan da ya ƙi sayar da kayansa ba.

Ranar Litinin ya hau kujerar asibiti. Sista na kankara, Mai Jaka na riƙe da hular tsohon yana ba shi labari don ya manta da ƙarar inji. Bayan mako shida na buroshi safe da yamma, jini ya tsaya.

Wata uku bayan haka aka ɗaura aure. Likita bai zo ba, ba a kuma tambaye shi ba. Abba ya haɗa hannuwansu, ya ce, "Ka riƙe min ita da gaskiyar nan taka, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ɗakin ya amsa da amin.